PSP ɗin yayana ya kumbura, a gyara ko a haƙura?

Ɗan Maamobi:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar Hajiyarmu ta sa ni fitar da tsofaffin akwatuna saboda ruwan sama ya fara shigar mana ɗaki, sai ga PSP (ƙaramar na'urar wasan bidiyo ta hannu, ta kamfanin Sony) ɗin yayana, Allah ya jiƙansa, a naɗe cikin tsohuwar rigar ƙwallo. Daga Italiya ya zo da shi a 2007, ina firamare. Sai na yi masa wanki da guga tukuna yake ba ni in buga minti goma, yana tsaye a kaina.

Murfin baya ya ɗago, batirin ya kumbura kamar ƙosai a cikin mai. A takardar da ke ƙarƙashin batirin an rubuta PSP-1004. Akwai faifan wasan ƙwallo na PES a ciki, cajar ma tana nan. In jona? Ko abin ya riga ya mutu?

Mai gyara a Circle:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya. Ƙanena, kar ka kuskura ka yi cajin batirin nan. Cire shi yau, kuma kar ka huda shi, wuta yake kamawa. PSP yana tashi da caja kaɗai ko babu batir, to gwada haka ka gani.

Naka samfurin farko ne, mai kauri, 4 ɗin ƙarshe kuma na nufin na kasuwar Turai. Sony sun fara fitar da shi a Japan a Disamba 2004, ya isa Turai a Satumba 2005. Daga baya aka yi 2000 siriri a 2007, sai 3000 a 2008 mai makirfo. In ka zo Tip Toe Lane, layin 'yan waya a nan Circle cikin Accra, neman batir ka ce na 1000, mai 1800mAh, don na siraran 1200 ne. Sai dai in gaya maka gaskiya tun yanzu: tun 2014 aka daina ƙera na'urar, yawancin batiran da ke hannunmu ba na Sony ba ne, ko me aka buga a jikinsu.

Abdul_Madina:
Wahalar me? Sa PPSSPP, manhajar da ke buga wasannin PSP, a wayarka, hoton ma ya fi na asalin kyau. Kuɗin trotro (motar haya) zuwa Circle ka sayi data da shi.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Abdul, da gani ba ka taɓa riƙe shi ba. Shafa gilashi daban, danna maɓalli daban. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, 2015, mu huɗu muke zama a benci ƙofar shagon telan unguwarmu, mu haɗa na'urorin da junansu ba intanet ba waya, mu yi ta wasan faɗa na Tekken har a kira asuba. Allo inci 4.3, a lokacin ji muke kamar sinima muka saka a aljihu. Abin da ban yi kewarsa ba shi ne faifan wasan, wato UMD: ga ƙara kamar ana niƙa, ga shan batir, ga robar da ke rufe shi da saurin tsagewa. Sony da kansu sun cire shi a PSP Go na 2009, Vita, wadda ta gaji PSP, ma ba ta karɓarsa.

Amma ɗan'uwa, ba wanda ya yi maka maganar da ta fi muhimmanci. Duba gefen hagu, akwai ɗan murfi, katin ajiya, wato Memory Stick, yana ciki. Duk wasan da Yaya ya ajiye a kan katin nan yake, ba a cikin na'urar ba. Kafin ka miƙa wa kowane mai gyara, zare shi ka sa a aljihu. Ni haka aka goge mini nawa a kasuwar Kejetia, wai ana zuba mini sababbin wasanni.

Ɗan Maamobi:
Na gode ƙwarai. Na cire batirin, na jona caja, ya tashi! Sai da ya nemi in saita kwanan wata. Katin yana nan, 1GB. Na buɗe wurin ajiyar wasanni, ga Master League ɗinsa na PES, inda mutum ke gina ƙungiyarsa, ya sa wa ƙungiyar sunan layinmu, ni kuma ya ƙirƙiri ɗan wasa da sunana ya ajiye a benci. Na nuna wa Hajiya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in mayar da shi cikin rigar in na gama.

Maigida na Circle, Litinin bayan azahar kana shago?