Jini ya zo mini kafin lokaci bayan na sha maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina goyon yaron da bai cika shekara ba, al'adata kuma ta dawo tana zuwa a kan lokacinta duk wata. Saboda gudun kwanika, ni da maigidana muka yanke shawarar in sha Postinor-2 washegarin da muka sadu, kwanaki kaɗan bayan na yi tsarki. Ba a yi mako guda ba sai na fara ganin jini kaɗan-kaɗan mai duhu, wanda ko audugar mata ba ya jiƙawa, tare da ɗan ciwon mara. Shin wannan ita ce al'adar watan, ko in saurari wata? Kuma da gaske ne maganin yana lalata mahaifa?

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam Maman Hanifa, ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika gani sananne ne a wurinmu. Sinadarin da ke cikin wannan magani shi ne levonorgestrel, miligiram 1.5 idan aka haɗa ƙwayoyin biyu, aikinsa kuwa shi ne jinkirta fitar ƙwai ko hana shi fita a wannan karon, ba ya zubar da cikin da ya riga ya shiga. Da yake sinadarin yana hauhawa a jiki lokaci guda sannan ya sauka, shimfiɗar mahaifa takan ɗan saki jini, shi ne ɗigon da kike gani. Matar da ta sha a farkon zagayenta, kamar yadda kika yi, al'adarta takan riga lokaci, wadda ta sha dab da fitar ƙwai kuwa tata tana iya jinkiri da 'yan kwanaki, sannan jinin yana iya yin yawa ko ya ragu.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, wannan ɗigon ba hujja ba ce cewa babu ciki. Idan al'adarki ta wuce lokacinta da kwana 7, ko kuma kwana 21 suka cika daga ranar saduwar ba ki ga jini irin wanda kika saba ba, ki yi gwajin fitsari. Idan kuma ciwon mara ya tsananta, musamman a gefe ɗaya, ko kina jin jiri, kada ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti, domin a tabbatar ba ciki ba ne ya zauna a wajen mahaifa. Maganar lalata mahaifa kuwa ba ta da tushe, kuma mai shayarwa tana iya shan sa.

Ummu Sadik: Ni jinkiri tawa ta yi, har na fitar da rai cewa ciki ne, sai ga ta ta zo da ɗan yawa, wata na biye kuma komai ya koma daidai.

Malam Mai Kemis: Hajiya, ina ƙara tunatarwa cewa maganin ya fi aiki a cikin awa 72 na farko, kuma saduwar da aka riga aka yi kawai yake karewa, ba wadda za ta biyo baya ba. Wadda ta yi amai kafin awa 2 da sha sai ta sake shan wani, mai shan rifampicin na tarin fuka ko carbamazepine na farfaɗiya kuma ta sanar da likita, saboda suna rage masa ƙarfi. Abin da ke damuna shi ne matan da suka mayar da shi na kowane mako, har lissafin al'adarsu ya rikice musu gaba ɗaya, alhali allura, ashanar hannu da robar mahaifa sun fi shi kariya nesa ba kusa ba.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan rubuta ranakun in yi gwajin a kan lokaci, kuma ranar rigakafin yaro zan leƙa sashen tazarar haihuwa. Batun salla a kwanakin ɗigon nan kuwa, zan tambayi malamarmu ta Islamiyya ko haila ce ko istihala.