Wai meye amfanin killace dajin Baturiya saboda tsuntsaye?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a. Dan Allah masu sani ku fahimtar da ni, na ji an ce tun 2020 gwamnatin tarayya ta amince a maida dausayin Haɗeja gandun daji na ƙasa, dajin Baturiya na ciki, wai saboda tsuntsaye. To ni abin da ya ɗaure min kai, mutane na neman gonar shinkafa da itacen girki, ya za a yi a hana su saboda tsuntsu? Me tsuntsayen nan suke tsinana mana ne?

Manomi daga Guri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa tambayarka ta taɓa ni wallahi. Mu nan in ka ce tsuntsu jan baki muke ji, ya sauko wa shinkafa tana nono kafin la'asar ya gama da kai, yara tun asuba suna gona da gwangwani suna kora ko makaranta basa zuwa. Amma gaskiya ɗaya ce, ba dinya ko kirinjijiya ko zalɓe ne matsalarmu ba, su tun kakanninmu muke tare. Jan bakin ma a cikin kachalla, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa, yake kwana, ita kachallar ce ta cinye mana gonaki da hanyar ruwa.

Malama Ta Nguru:
Yawwa Baba, ka taɓo inda maganar take. Ɗan Kurna ka ga wannan dausayi kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke bazuwa a cikinsa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe da ke gangarawa Tafkin Chadi. Tsuntsun da ya taso daga Turai lokacin sanyinsu, wajen watan Oktoba, ya keto Sahara babu ci babu sha, nan na cikin wuraren farko da zai samu ruwa mai faɗi da abinci, ya zauna har wajen Maris sannan ya koma. Ƙananan agwagin ruwa dubbai suke zuwa, kuma nau'in tsuntsayen da aka taɓa lissafawa a yankin sun haura 300. Shi ya sa Tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a 2000, Baturiya da dausayin Dagona na jihar Yobe suka biyo a 2008. Har mijin sarauniyar Ingila ta lokacin, marigayi Yarima Philip, sai da ya zo Dagona a 1989.

Amma ni ba don Turawa nake magana ba. Ambaliyar da ke kawo tsuntsun ita ce ke kawo kifi, ita ke jiƙa fadamar shinkafa, ita ke barin ciyawa wa Fulani da rani, ita ke cika rijiyoyinmu ta ƙasa. Tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwan ya daina zuwa yadda ya saba, da can ya cika da damina ya janye da rani ƙasa ta bushe, yanzu ana sakinsa kaɗan kaɗan duk shekara, to ita kachalla abin da take so kenan, sai ta toshe magudanai wani gari ya nutse wani ko ɗigo baya samu. In ka ga tsuntsayen ruwa sun ragu a wuri to ka je ka tambayi masunta, su ma kukan da suke kenan.

Ɗan Kurna:
Malama na gane na ruwa. To dajin fa, ina ruwan agwagwa da bishiya?

Masunci:
Bari in amsa maka wannan ƙanina. Zalɓe da balbela da ire-irensu akan bishiyoyin da ke tsaye cikin ruwa suke sheƙa, musamman gabaruwa, kashinsu ya zuba a ruwa ya zama taki, ƙananan kifi su taru a gindin saiwa suna ɓuya. Duk masunci ya san inda ake samun tarwaɗa. Yanzu kuwa motocin itace da buhunan gawayi ake fitarwa zuwa birni, har ɗanyar bishiya sarewa ake, goruba ma da matanmu ke samun kaba suna saƙa tabarma ba a ƙyale ta ba. Wannan ya fi min ciwo akan komai.

Manomi daga Guri:
Haka ne. Ni dai roƙona in za a killace a zauna da mu tukunna, a nuna mana iyaka, a bar wa mai kiwo burtali, a taimaka mana da injin cire kachalla. In aka zo da ma'aikatan daji kawai ana kama mai ɗan itacen girki a ka, manyan motoci suna wucewa, babu wanda zai bada haɗin kai.

Malama Ta Nguru:
Wallahi Baba ina bayanka akan wannan. Ɗan Kurna in kana da hali ka shigo watan Janairu, lokacin ake ƙidayar tsuntsayen ruwa kuma lokacin suka fi yawa, ka biyo ta Haɗeja zuwa Kirikasamma, ka nemi mai kwalekwale tun da sassafe kafin rana ta ɗaga.