Ya kuka yi yaranku suka fara sa kayan kariya a wurin aiki?

Mai Walda: Assalamu alaikum. Ina da wurin walda, yara bakwai. Na sayi baƙin tabarau da safar hannu, suna nan rataye a ƙusa suna shan ƙura. Shekaranjiya walda ta kama idon ƙaramin cikinsu, tsakar dare mahaifiyarsa ta kira ni, yana ta kuka wai kamar an zuba masa yashi. Na yi faɗa, na sa tarar naira 500, shiru. Wanda ya taɓa shawo kan irin wannan ya ba ni haske.

Abban Hafsat: Wa alaikumus salam. Oga, kada ka ji haushi, kai kanka kana sawa? Maigidana da ya koya min aiki runtse ido kawai yake yi in zai ɗiga walda, mu ma muka tashi a haka, har muna yi wa mai sa tabarau kallon sabon shiga. Yaro hannunka yake kallo, bakinka kuwa sai ya ga dama.

Mai Walda: Ka kama ni, Malam. In ƙaramin aiki ne ba na sawa.

Ɗan Sharaɗa: Maganar tara ce ta sa na shigo. A masana'antar roba da na yi aiki an kafa allo a bakin ƙofa ana ƙirga kwanakin da aka yi ba haɗari, in an cika 100 a raba buhun shinkafa. Allo ya yi ta hawa, amma ba don an daina jin ciwo ba. Na ga wanda inji ya tsaga wa yatsa ya naɗe da tsumma da salatef, ya cusa hannu a aljihu har aka tashi, don kada a ce shi ya jawo wa mutane asarar shinkafa. Sai da yatsan ya ruɓe aka sani.

Daga baya aka kawo wani jami'i, ya sauke allon. Kowace safiya minti biyar a tsaye, tambayarsa ɗaya: wa ya sha da ƙyar jiya? Ba rubuta suna, ba yankan albashi. Makon farko kowa ya yi gum. Sai wani dattijo ya ce santsin mai ya kusa kayar da shi kusa da inji na uku, kafin azahar an gyara bututun da ke yoyo. Daga ranar baki ya buɗe. Jami'in ne ya ba mu labarin lissafin wani Ba'amurke, Heinrich, na 1931: bayan kowane mummunan rauni ɗaya akwai ƙananan raunuka 29 da tsallake rijiya da baya 300. Masana na jayayya kan alƙaluman, amma mu dai mun gani a ƙasa.

Injiniya Sale: Mu masu aikin wuta abin da ke cin mu shi ne "ai an ɗauke". Na taɓa hawa gyara ban kashe babban makunni ba, wuta ta dawo, ta jefo ni daga tsani. Yanzu kwaɗo nake sawa a akwatin, mukulli a aljihuna. Wani yaro ya ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na ce Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Maman Ilham: Ni ma'aikaciyar jinya ce. An yi ta mana faɗa kan mayar da murfin allura bayan an yi amfani da ita, alhali akwatin zubar da allurai yana can ƙarshen ɗaki. Da aka ajiye ɗaya kusa da gadaje, faɗan ya ƙare da kansa. Don haka, Malam, kafin ka ce yaran taurin kai ne, ka duba kayan. Masu kamfani kuma su tuna dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta musu zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya.

Mai Walda: Hajiya, na duba yanzu. Tabarau guda huɗu gilashinsu ya karce, ni kaina da na sa ban ga bakin ƙarfen ba. Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa in sayo gilasai, har da nawa. Kuɗin tarar kuma na mayar musu.