Me ya sa ba a ganin mutane a zanen magangarar ruwa na Amurka?

Sa'adatu: Assalamu alaikum. Ina karatu a kan masu zanen Amurka na ƙarni na 19 waɗanda ake dangantawa da kogin Hudson, kuma na lura cewa a zanensu na dazuzzuka da magangarar ruwa da wuya a ga mutum, in ma an gan shi to ɗan mitsitsi ne a kan dutse. Shin wuraren ne babu kowa a lokacin, ko kuwa masu zanen ne suka zaɓi haka?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Malama. Zaɓi ne, kuma da gangan. Thomas Cole, haifaffen Ingila, ya je tsaunukan Catskill da ke jihar New York a 1825, sannan a 1826 ya zana magangarar Kaaterskill mai tsayin kusan mita 80. Tun 1824 aka buɗe babban masaukin baƙi kusa da wurin, masu yawon buɗe ido suna ta zuwa, majema kuma suna sare itatuwan yankin domin ɓawonsu. Cole ya kawar da wannan duka, ya tsayar da wani ɗan ƙabilun asalin Amurka shi kaɗai a kan dutse, alhali an daɗe da raba mutanensa da wannan ƙasa. A ganina, dajin da ya zana ya riga ya fara ƙarewa kafin ya ɗauki fenti.

Zainab: Gaskiya ne, Malam, amma ba ɓoye ɓarna kaɗai ba ne manufarsu. Tun 1757 masanin falsafa Edmund Burke ya yi rubutu a kan irin kyawun da ke tafe da tsoro, wanda ke sa mutum ya ji ƙanƙantarsa, kuma irin wannan kyawun masu zanen suke nema. A zanen magangarar ruwa ta Niagara na 1857, Frederic Church, almajirin Cole, bai bar wa mai kallo ko tudun da zai tsaya ba, domin ruwan ya cika gaban zanen kamar zai tafi da shi. Dubban mutane sun yi tururuwa zuwa kallonsa a New York.

Malam Habibu: Na yarda, Malama Zainab, har zan ƙara da cewa zanen Thomas Moran ya taimaka wajen ayyana Yellowstone a matsayin gandun ƙasa a 1872, majalisar dokokin Amurka kuma ta sayi babban zanensa a kan dala 10,000. Sai dai ƙabilun da ke farauta a can, daga baya an hana su shiga gandun.