Bajekolin bindigogi a Amurka ya lalace, inji Baban Khalifa

Baban Khalifa (Hiyuston): Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a ce na cika mita. Bajekolin bindigogin nan da ake yi a Amurka duk ƙarshen mako ya mutu murus, suna kawai ya rage. Ka biya kuɗin fakin, ka biya dala 15 a ƙofa, ka shiga ka tarar rabin teburan ba bindiga ba ce a kai, kilishin Turawa ne da wuƙaƙen China da riguna da tocila da masu tallar gyaran rufin gida, ga wani can yana ta kunna abin shokin nan ƙarrr ƙarrr har kanka ya ɗau ciwo. Waɗanda suka kawo bindigar kuma kuɗinsu ya fi na shago. Ƙaramar bindigar nan Glock 19 da ake sayar da sabuwa wajen dala 550 wani ya liƙa wa ta hannu 680, da na nuna masa waya sai ya ce in je wayar ta sayar min. Mosin, tsohuwar bindigar sojan Rasha da ake jibgewa a akwati ƙasa da dala 100 wajajen 2010, yanzu in ba ka riƙe 400 ba kar ma ka taɓa. Da wurin nan na talaka ne, yanzu talaka irina ba shi da abin da zai je yi.

Abba Kurna: Wa alaikumus salam. Yaya don Allah ɗan maimaita, talaka irin wa?

Ɗan Gusau: Hhhhh nima nan na tsaya Abba. Mutum ya biya dala 15 don ya shiga KALLON bindiga, a canjin yanzu ta haura naira dubu 20, wai shi ne talaka. To mu da muke cikin guruf ɗin nan da datar aro me za a kira mu?

Baban Khalifa (Hiyuston): Ba wannan nake magana a kai ba. Farashi nake magana.

Abba Kurna: A'a Yaya kai ka kawo kalmar, ba mu muka sa maka a baki ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne tun 2024 kuma ba kowa ake biya ba, kuɗin ƙofarka da na fakin sun ci kusan rabinsa a wuni ɗaya.

Injiniya (Tulsa): Ku ɗan bar shi ya sha iska, maganarsa da gaskiya a ciki amma ya haɗa abubuwa daban daban wuri ɗaya. Tsofaffin bindigogin soja irin su Mosin da SKS ba a ƙera sababbinsu, abin da aka kwaso daga rumbunan tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta shi ke nan, ya ƙare ya ƙare, dole su yi tsada ko a bajekoli ko a ko'ina. Harsashi kuma nasa labarin daban. A 2020 lokacin korona da zanga-zanga da zaɓe FBI, hukumar bincike ta Amurka, ta yi binciken masu neman bindiga sau sama da miliyan 39 a shekara ɗaya, ba a taɓa yin irinsa ba, shaguna suka zama wayam, kamfanin Remington mai ƙera bindiga da harsashi ma a shekarar ya durƙushe aka yi gwanjonsa. Ana cikin haka a watan Agustan 2021 gwamnatin Biden ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha saboda gubar da aka sa wa ɗan adawar Rasha Navalny, kuma harsashin nan shi ne mai arhan da kowa ke saye. Kafin nan tun 2014 aka sa wa kamfanin Kalashnikov na Rasha mai ƙera AK takunkumi kan Kirimiya. Amma sabuwar bindiga irin AR-15 ai ba ta yi tsada ba, sauka ma ta yi in ka kwatanta da farkon 2013.

Ɗan Gusau: Injiniya mun gode da lacca. Tambaya ɗaya, Baban Khalifa talaka ne ko ba talaka ba ne?

Injiniya (Tulsa): Ni ban san aljihunsa ba.

Baban Khalifa (Hiyuston): Ku da kuke gida kun ɗauka duk wanda ke nan a bishiya yake tsinkar dala. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a nan dala 7.25 ne a awa tun 2009 ba a ƙara ba, kuma Tekzas a kansa take. Haya, inshorar mota, inshorar asibiti, haraji, kafin wata ya raba ka koma sifili, sannan waya ta yi ƙara daga gida a ce an kwantar da wane. Akwai Bature ɗan ƙauye da farautar barewa ce naman gidansa na shekara, shi nake nufi da ni da ire-irenmu.

Abba Kurna: Yanzu kuma ka zama Baturen ƙauye kenan Yaya 😂

Malam Habu (Zariya): Bari in sa baki tunda abin ya zo fagenmu. A wajen malamanmu na Malikiyya fakiri shi ne wanda yake da wani abu amma bai isa abincin shekararsa ba, miskini kuwa shi ne wanda ba shi da komai. To Baban Khalifa ka tsaya tsakaninka da Allah, idan aka kawo maka zakka za ka karɓa? Idan ba za ka karɓa ba to ka janye kalmar a wuce wurin.

Kwamared Bala: Allah gafarta Malam da girmanka amma nan ka kauce. Talaka ba fassarar fakiri ba ce. Talaka a Hausa shi ne wanda ba shi da sarauta, wanda ake mulka. Shi ya sa ake cewa sarakuna da talakawa, ba a ce masu kuɗi da talakawa ba tun asali. Attajirin Kantin Kwari ma talakan sarki ne. Lokacin da aka kafa NEPU a 1950 su Malam Aminu Kano suna kiran talakawa ai har da 'yan kasuwa da teloli da malamai a ciki. Saboda haka Baban Khalifa talaka ne cikakke, talakan gwamnan Tekzas.

Malam Habu (Zariya): Kwamared ba na jayayya da tarihi, amma shi da ya rubuta ba sarauta yake nufi ba, aljihu yake nufi. Ka koma ka karanta.

Kwamared Bala: Na karanta. Ku dai ba ku son a ambaci Malam Aminu ne.

Abba Kurna: To fa, an fara. Saura kaɗan a fito da jar hula.

Kwamared Bala: Ƙanina kar ka raina min hankali, ni tun kafin a haife ka nake siyasar nan, kuma ban ambaci hular kowa ba.

Maman Ihsan (Dalas): Ni ba ruwana da talaka ko basarake, maganar wuƙaƙe ce ta tsaya min a rai. Baban Khalifa ka san sarai maigidana yana kama tebur a irin wuraren nan yana sayar da wuƙa da kube na fata da hannunsa yake ɗinkawa, ba na China ba ne, kuma ka taɓa tsayawa a teburinsa har ragi ya yi maka, yau kuma mu ne muka lalata muku bajekoli. Ka san nawa ake kama tebur ɗaya? Mu dai kusan dala 100 muke biya na Asabar da Lahadi, ga mai, ga otal in garin da nisa, ga abinci, tun ranar Juma'a ake jigilar kaya. Mai shirya taron shi ma hayar zauren yake da inshora da 'yan sandan ƙofa, in dilolin bindiga ba su cike teburan ba dole ya ba mai kilishi, kuɗin mai kilishin ne ma ya sa ba a ce ka biya 25 a ƙofa ba. Su dilolin kuma ribar sabuwar bindiga ba ta taka kara ta karya ba, mutum ya zo ya juya ta ya latsa ya ɗau hoto ya tafi gida ya yi oda a intanet, to me zai sa su ci gaba da zuwa?

Baban Khalifa (Hiyuston): Hajiya wallahi ba da maigidanki nake ba, aikinsa daban ne.

Maman Ihsan (Dalas): Ai ba ka ware ba.

Injiniya (Tulsa): Hajiya ta taɓo ainihin abin. Waya ce ta kashe arha. Da can tsoho zai fito da bindigar kakansa bai san darajarta ba ka saya a banza, yanzu kafin ya fito ya duba GunBroker, shafin cinikin bindiga a intanet, ya ga mafi tsadar da wani ya rubuta, ba wadda aka saya ba fa, wadda aka rubuta, sai ya ɗora nasa a kai. Amma kai ma Baban Khalifa lissafinka da gyara, bindigar intanet ba gidanka za a kawo ba, sai an aika wa dila mai lasisi ka je ka cike fom 4473 a bincike ka, ya caje ka kuɗin karɓa, ga kuɗin aikowa. In ka tara ratar ba ta kai yadda kake faɗa ba. Kuma farashin da ke jikin takarda ba shi ne na ƙarshe ba, ka je ranar Lahadi da yamma da tsabar kuɗi lokacin da suke tunanin sake loda kaya a mota. Sannan ka zo Tulsa ka ga babban bajekolin Wanenmacher, sau biyu a shekara, Afrilu da Nuwamba, tebur sama da 4,000, ƙananan na unguwa ne suka lalace.

Baban Khalifa (Hiyuston): Kullum Tulsa Tulsa. In tuƙo mota tun daga Hiyuston in kwana a otal don in rage dala 50?

Sadiq Ɗalibi (Ohayo): Yayye don Allah tambaya, ance a bajekolin ba a tambayar takarda ko? Ni da bizar karatu zan iya saye?

Injiniya (Tulsa): Sadiq kar ka soma. Dila mai lasisi dole ya bincike ka ko a shago ko a bajekoli, doka ɗaya ce. Cinikin mutum da mutum ne dokar tarayya ba ta tilasta binciken ba, wasu jihohin kamar Kalifoniya da Kolorado kuma sun tilasta. Amma mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi gaba ɗaya sai 'yan keɓantattun hanyoyi kamar lasisin farauta, kuma kuskure kaɗan ya jawo maka kurkuku da kora. Ka yi karatunka.

Ɗan Gusau: Kun ga abin da nake faɗa ko. Ku can bindiga abin sha'awa ce kamar masu kiwon tattabaru, ana taya ta ana ragi. Mu nan ita ta hana mu noma. A 2022 gwamnatin Matawalle da bakinta ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga su kare kansu, mutumin ƙauye da harba-ka-ruga zai tari mai AK? Wannan shi ne talaka. Sai wani ya zo yana mana kukan Mosin ta kai 400.

Baban Khalifa (Hiyuston): Allah ya kawo mana ƙarshen abin, ba wanda ya raina wahalarku. Amma in mutum ba zai yi maganar inda yake zaune ba sai an ce ya yi shiru saboda Zamfara to a rufe guruf ɗin mana. Kuma lokacin da aka yi karo-karon 'yan gudun hijira ai an ga waɗanda suka tura.

Ɗan Gusau: Auho, gori ne kuma yanzu?

Abba Kurna: Talaka mai gori, yau na ga sabon abu.

Malam Habu (Zariya): Subhanallah. Gori yana ɓata sadaka, Alƙur'ani ya faɗa a Baƙara. A goge wannan maganar.

Kwamared Bala: A goge ta Ɗan Gusau ma, shi ya fara kiran mutane masu tattabaru.

Maman Ihsan (Dalas): Ni har yanzu ban ji an ba maigidana haƙuri ba.

Alhaji Garba (Adimin): To jama'a ya isa haka, na karanta tun daga sama. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda Baban Khalifa ba talaka ba ne kuma bai kamata ya yi amfani da kalmar ba, Malam Habu ya kawo hujja daga littafi ba wanda ya iya ture ta. Kwamared ya kawo tarihi amma ba wurinsa ba ne, kuma na sha faɗa a daina shigo da siyasa. Maganar tsada Injiniya da Hajiya sun nuna ba laifin masu tebur ba ne, ni ma ɗan kasuwa ne shekara da shekaru na san mai saye kullum gani yake an cuce shi, bai san kuɗin haya ba. 'Yan uwanmu na waje kuma a riƙa tauna magana kafin a turo, mutane na cikin wani hali a gida. Baban Khalifa ka ba Hajiya haƙuri ka goge maganar karo-karo. Na rufe wannan zancen.

Kwamared Bala: Ranka ya daɗe kusan kowa su wa? Mutum uku ne, kuma Abba ɗan ƙanwarka ne.

Injiniya (Tulsa): Ni ban ce ba laifin masu tebur ba ne Alhaji, cewa na yi suna kwafo farashin da ba a saya ba.

Alhaji Garba (Adimin): Na ce na rufe.