Yawon ƙafa a tsohuwar unguwa mai baƙin tarihi

A wata tattaunawa da aka yi kan irin wannan yawo, abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne a karanta tarihin unguwa kafin a taka ta, domin masu jagora sukan ƙara gishiri. An kawo misalin Whitechapel a Landan, inda aka kashe mata aƙalla biyar a 1888, kuma har yau ba a tabbatar da makashin ba. An rushe yawancin wuraren da aka yi kisan, sai tsohuwar taswira ce za ta nuna inda suke. Wasu sun fi son yawon dare, amma na fi yarda da masu cewa a fara da rana, a ga gine-ginen sosai. A sa takalmi mara matsi, kuma kada a ɗauki hoton ƙofar gidan kowa ba izini.