Zanen gwaji kafin a hau bango: iskoki huɗu na Girkawa

Ɗan Rafindadi: Assalamu alaikum malamai. Akwai bangon siminti a nan Katsina, faɗi mita 6, tsayi mita 3, ana so a zana masa iskoki huɗu na tatsuniyar Girkawa. Da wane zanen gwaji ake farawa, kuma yaya ake ɗaga shi zuwa bango bai karkace ba?

Mai Gawayi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka fara da fuska. Yi ƙananan zane kamar goma, kowanne bai wuce tafin hannu ba, ka nuna inda kowace iska ta dosa kawai. Iska ba ta ganuwa, a mayafi da gashi da ƙura ake gane ta. In layukan nan suka ci karo a tsakiya, bangon ya rikice.

Siffofinsu kuwa, duba Hasumiyar Iskoki ta birnin Atina a ƙasar Girka, tsohon gini mai kusurwa takwas da aka sassaƙa iskokin a jikinsa da siffar mutane. Boriyas na arewa dattijo ne mai gemu, riƙe da katantanwar teku. Notos na kudu yana juye tulun ruwa, Zefiros na yamma saurayi ne ɗauke da furanni. Yuros na gabas ya ƙudundune cikin mayafi, amma a jikin hasumiyar, kudu maso gabas aka ajiye shi. Ka rubuta sunayensu a ƙasa, don in Bahaushe ya ji "iskoki", bori zai fara tunawa.

Magini Daura: Malam ya gama magana kan siffa. Awo kuma ɗaya bisa goma: takarda santimita 60 da 30, ka raba ta gida-gida na santimita 5. Kowane gida santimita 50 ne a bango, gida 72 ke nan. Buga layukan da igiya mai alli, ka duba daidaitonsu da ma'aunin ruwa na magina, kar ka yarda da daɓe, sau da yawa a karkace yake. Kwafa da gawayi, sannan ka kakkaɓe shi da tsumma, in ba haka ba zai dauɗa farin fenti.

In filastar sabuwa ce, bari ta kwana 28. Ɗanyen siminti yana cin launi, fentin kuma ya ɓare.

Mai Gawayi: Na manta gwajin launi. Shafa shi a jikin bangon kansa, faɗin kwali, ka dawo da azahar ka duba daga nisan da masu wucewa za su tsaya. Shuɗin da ya yi kyau a ɗaki, ranar Katsina kan wanke shi fes. Da hunturu kuma fentin ruwa na bushewa a kan buroshi, sai ka riƙa dama kaɗan-kaɗan.